Kwana Shida a Kan Katako: Jagora ga Mai Shiga Gasar Tseren Keke ta Mako Guda

A birnin Gent na ƙasar Beljiyam, duk watan Nuwamba, ana kulle ƙofa daga Talata zuwa Lahadi a wani ƙaramin filin keke na katako mai rufi da ake kira Kuipke, a yi ta tseren keke har tsakar dare. Zagaye ɗaya na filin mita 166 ne da ɗoriya, wato zagaye shida kilomita guda, kuma kwanarsa ta tashi kamar bango. Mai gudun kilomita 50 a awa yana kewaye shi cikin daƙiƙa 12. Tun 1922 ake wannan gasa. Asalin irinta daga Landan ne a 1878, aka mai da ita kwana shida saboda ba a tsere ranar Lahadi a lokacin. Da ta ƙetara Amurka, mutum ɗaya ne ke ta tuƙi dare da rana har ya fara sambatu, sai hukumomin New York suka kafa doka a 1898 cewa ba wanda zai wuce awa 12 a rana. Masu shirya gasar suka ce to a yi bibbiyu, ɗaya na gudu ɗaya na hutawa. Daga nan aka sami tseren da ake kira madisin, da sunan zauren Madison Square Garden.

Ba kowa ne zai taka katakon Gent ba, amma duk wanda ya shiga gasar ƙasa ko ta nahiya, irin wadda aka yi ta Afirka a filin keken Abuja a 2022, zai haɗu da abu iri ɗaya: kwanaki a jere, tsere biyu ko uku ko huɗu a yini, da jira mai tsawo a tsakani. Abin da nake so ka riƙe shi ne, ƙarfin da ka shigo da shi ranar farko kamar guzurin matafiyi ne. Ba a ƙara maka a hanya, sai dai ka iya tattalinsa. Yawancin wannan tattali kuwa a ƙasa ake yinsa, lokacin da ba ka kan keke.

Mataki na farko: karanta jadawali da biro a hannu

Da zarar an fitar da jadawalin gasa da littafin ƙa'idojinta, zauna ka raba tseren da ka yi rajista gida uku: wanda ka zo dominsa, wanda kake so ka taɓuka wani abu, da wanda za ka shiga don ka saba da fili kawai. Kada rukunin farko ya wuce biyu. Matashi yakan so ya rubuta sunansa a komai, daga gudun mita 200 har tseren maki, ya ce ai dama ce. Ranar da tseren da ya fi iyawa ya zo, ƙafa ta riga ta zama itace.

Duba kuma yadda tseren suka jeru. In omniyam ne babban burinka, ka san cewa tsere huɗu ne a rana ɗaya: sikirac (wanda ya fara tsallake layin ƙarshe ya ci), tempo (maki ga wanda ke gaba a zagaye bayan zagaye), fidda na baya, sai tseren maki a ƙarshe. Ranar da ke gabansa ba ranar shiga tseren kora na kilomita 4 (inda ake tashi daga gefe biyu na fili ana bin juna) ba ce da dukkan zuciya. Rubuta lokacin kowane tsere, ka ja baya da minti 50 don motsa jini, ka ƙara ja baya da awa uku don babban abinci. Sanya lokutan salla a wannan takardar tun yanzu, ka nemi wurin da za ka yi alwala da inda za ka shimfiɗa darduma tun ranar farko, don kada kiran sunanka ya same ka kana neman famfo.

A kwana goma na ƙarshe kafin gasa, rage yawan atisaye amma kada ka rage zafinsa. Gudu gajere mai ƙarfi, hutu mai yawa. Ba kiwon ranar sallah ake yi ba. Abin da ba ka gina a watannin baya ba, ba za ka gina shi a mako ɗaya ba.

Mataki na biyu: keke da jakar kayan aiki

Keken fili ba shi da birki, ba shi da firiwil. Muddin taya na juyawa, feda na juyawa. Giyarsa ɗaya ce, kuma canza ta sai an sauka an kwance noti. Dokar hukumar keke ta duniya, UCI, ta ce kada nauyinsa ya gaza kilo 6.8, kuma alƙalai suna iya aunawa kafin tsere.

Kada ka ɗauka kowane keke zai yi, ko kuma za a samu a can. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, 'yar Najeriya Ese Ukpeseraye ta shiga tseren kirin (a bi babur, ya janye, a fizga zuwa layi) da na gudun fito-na-fito a kan keken da tawagar Jamus ta ara mata. Karamci ne babba, amma ba abin da za ka gina shirinka a kansa ba ne. Keken da za ka yi mako a kansa ya zama wanda gindinka da gwiwarka suka sani. Auna tsayin sirdi da nisansa zuwa kan keke, ka rubuta a takarda, ka naɗa salatif a inda sandar sirdi ta tsaya, saboda in an kwance keken don tafiya a mayar da shi daidai.

A jaka: manyan faranti na gaba masu haƙora 48 zuwa 52, ƙananan giya na baya masu haƙora 14, 15 da 16, sifana mai lamba 15, makullan alan, bulalar sarƙa da makullin zoben da ke riƙe giyar baya, sarƙa ta biyu, famfo mai agogo, ƙafafun keke na ko-ta-kwana da giya a ɗaure, rola ta motsa jini (abin da ake ɗora keke a kai a tuƙa a wuri ɗaya), tsumma. Rigar tsere aƙalla uku, domin ba a maimaita wandon da aka yi gumi a cikinsa. Fil na lamba da yawa, kullum sai wani ya roƙa.

In tayarka irin wadda ake mannawa da gam ce, gwada kowace da babban yatsa: saki iska, tura ta gefe. In ta ɗaga, sake mannawa, kuma gam na son aƙalla yini guda ya kama. Sabuwar taya tana da santsi, goge ta da ruwan khal ko sifirit kafin ka hau katako.

Mataki na uku: giya, inda mako ke lalacewa ba a sani ba

A nan zan daɗe, don nan ne na fi ganin ana asara.

Lissafin mai sauƙi ne. Raba haƙoran faranti da haƙoran giyar baya, ka ninka da kewayen taya, wanda ya kai kusan mita 2.1. Faranti 50 da giya 15 na ba ka kusan mita 7 a duk juyin feda. In kana juya feda sau 120 a minti, kana gudun kilomita 50 a awa ke nan. Faranti 50 da giya 14 kuwa mita 7.5 ne. Rabin mita ba ya kama da komai a takarda. A ƙafa, bayan an tsaya an tashi sau talatin cikin tsere ɗaya, kaya ne.

Babbar giya na da daɗi a ranar farko. Kana jin kanka kamar jirgi, kana wuce mutane a miƙaƙƙen layi. Amma duk lokacin da ayari ya rage gudu sannan ya fizga, tsokar cinya ce ke biya, kuma gajiyar tsoka ba ta wucewa da barcin dare ɗaya yadda haki ke wucewa. Ƙaramar giya numfashi take ci, numfashi kuwa yana dawowa da wuri. Shi ya sa tsofaffin 'yan kwana shida suka yi suna da juya feda da sauri kamar keken ɗinki. Shawarata: a ranaku biyun farko sa giyar da ta gaza wadda ka saba da haƙori ɗaya na faranti. In fili gajere ne mai tsananin kwana, ƙara ragewa. In filin waje ne na siminti, inda iska ke dukan ƙirji a gefe ɗaya, shi ma rage. Ajiye babbar giya don tseren da ka zo dominsa, da tseren bin babur, inda gudu ke ɗorewa ba tsayawa.

Don motsa jini, sa 48 da 16, ko abin da ya yi kusa. Bayan kowane canji duba sarƙa: ta yi ɗan wasa kamar faɗin yatsa, kada ta ɗaure tamau, kada ta yi lakwaf. Juya feda a hankali ka nemo inda ta fi ɗaurewa, a nan za ka gwada. Kuma kada ka taɓa goge sarƙa da tsumma alhali taya na juyawa. Giyar da ba ta da firiwil ba ta tsayawa don yatsa.

Mataki na huɗu: gaisa da fili kafin a fara

Isa da kwana ɗaya ko biyu, ka shiga lokacin gwaji da aka ware. A ƙasa akwai shuɗin faffaɗan zane, ba wurin tsere ba ne. Sama da shi baƙin layi, a kansa aka auna tsawon fili. Sai jan layi, ƙasa da mita ɗaya daga ciki: wanda ke gaba a tsakanin baƙi da ja lokacin gudun ƙarshe, ba a shigar masa ta ƙasa, shi ma ba ya fita ya tare wani. Can sama akwai siririn shuɗin layi, wurin masu hutawa.

Hau har saman bango ka ji iyakar gudun da taya ke riƙewa a kwana, don tafiyar hawainiya a can sama tana sa taya zamewa ko feda ta daki katako. Nemo inda za ka fara gangarowa in kana son ka ɗauki gudu kyauta. Lura da inda allon ƙidayar zagaye yake, da inda ƙararrawa take. Kafin ka matsa dama ko hagu, waiga. Wannan waigen ya zama maka kamar ƙiftawar ido. A Gent ɗin nan, a 2006, ɗan Sifaniya Isaac Gálvez, wanda ke riƙe da kambun duniya na madisin, ya yi karo da wani ya bugi shingen sama, ya rasu. Ƙwararre ne na ƙarshe. Fili ba wurin ganganci ba ne.

Mataki na biyar: yadda yini ɗaya ke tafiya

Kama wurinka a tsakiyar fili, ka shirya shi iri ɗaya kullum: kujera, rola, jaka, gora biyu, tawul. Manna jadawali a inda ido zai gani. Sa hannu a takardar halarta da wuri.

Motsa jinin farko na yini ya kai minti 20 zuwa 25, a fara a hankali, a ƙare da fizga biyu ko uku na 'yan daƙiƙoƙi. Sauran tseren yinin minti 8 zuwa 10 a kan rola ya isa. Mutane da yawa suna ƙone rabin ƙarfinsu a kan rola saboda fargaba. Bayan kowane tsere koma kan rola minti goma da giya mai laushi, sannan ka sa riga mai kauri, ka zauna, ka ɗora ƙafa a kan jaka. Ƙa'idar 'yan keke tsohuwa ce: in za ka iya zama kada ka tsaya, in za ka iya kwanciya kada ka zauna. A Gent kowane ɗan tsere na da ɗan akurkin katako a gefen fili, da katifa da labule, yana sauka ya shige. Kai da ba ka da akurki, tabarma ta isa. Abin da ke cin ƙafa shi ne yawon gaisawa da tsayuwa a bakin shinge ana kallon tseren wasu.

Na taɓa zama kusa da wani yaro ɗan shekara goma sha bakwai a wata gasa. Ranar farko ya ci sikirac da tazarar keke biyu, ya sauka yana dariya, ya zagaya kowace rumfa yana ba da labari, takalmin tsere a ƙafarsa, gorarsa cike ba ta taɓu ba. Rana ta uku na gan shi a kan rola, kansa a sunkuye, gishirin gumi ya yi fari a kafaɗar rigarsa, yana taɓa cinyarsa yana cewa, "Koci, ba ta amsawa." Har yau ina jin zafin abin, don ya fi duk wanda ke wurin gudu.

Mataki na shida: tattali a cikin tseren kansa

A tseren maki ana gudun neman maki duk zagaye goma a filin mita 250: na ɗaya 5, sai 3, 2, 1, kuma na ƙarshe ninki biyu. Wanda ya tsere wa ayari har ya kamo shi ta baya ya sami 20. Kada ka nemi kowane gudu. Zaɓi ɗaya ka bar ɗaya, kuma ka sani cewa lokacin da ya fi dacewa a kai hari shi ne daidai bayan an gama gudun maki, sa'ad da kowa ke neman numfashi. Zama a bayan tayar wani yana rage maka aiki sosai. In ka karɓi gaba, ja rabin zagaye ko zagaye ɗaya ka haura sama ka ba na baya.

A fidda na baya a filin mita 250, duk zagaye biyu ake cire wanda tayarsa ta baya ta zo ƙarshe a layi. Wurin mutuwa shi ne ƙasa a baya, inda aka rufe ka ba hanyar fita. Zama a gaba na cin ƙarfi, amma ya fi arha a kan fizgar ceton rai sau goma daga baya.

Madisin kuwa sai da abokin da kuka saba. Mai gudu na zuwa ta ƙasa, hannun hagu a saman kan keke kusa da tsakiya, ya kama hannun hagun abokinsa da damansa, ya wuce shi, sannan ya wurga shi gaba. Mai karɓa ya gangaro da gudu tun kafin a iso, kada ya zama buhun da za a ja. In ka ga wasu na musanya a gabanka, bi ta samansu, kada ka ratsa tsakani. Kada ku bari musanya ta wuce ku, don duk wadda aka rasa ninkin aiki ne ga wanda ke ciki. A gasar kwana shida zagaye ne ke gaba da maki a lissafi, kuma duk maki 100 na ba da ƙarin zagaye, saboda haka a san matsayin kowace ƙungiya kafin a hau. Patrick Sercu, wanda ya ci gasar kwana shida 88, sha ɗaya daga ciki a Gent, gwanin gudun fito-na-fito ne tun asali, amma wannan adadi ba da gudu kaɗai ake tara shi ba.

In taya ta fashe ko ka faɗi a tseren ayari, ɗaga hannu, sauko a hankali. Ana ba da 'yan zagaye, biyar a filin mita 250, ka koma ba tare da asara ba, sai dai in tsere ya zo ƙarshe. Tambayi alƙalai wannan a taron farko, kuma mai riƙe maka ƙafar keke ya tsaya da sifana a aljihu.

Mataki na bakwai: ci, sha, barci

Babban abinci awa uku kafin tseren farko: shinkafa ko taliya, miya marar yawan mai da yaji, ɗan kaza ko ƙwai. Tsakanin tsere kuwa kaɗan-kaɗan: ayaba, dabino, burodi da zuma, ruwa mai ɗan gishiri da sukari. A irin wannan mako jiki na bukatar abinci mai sitaci kamar giram 7 zuwa 10 ga kowane kilo na nauyinka a yini. Mai kilo 70 ke nan yana neman rabin kilo ko fiye, kuma ba a iya cusa wannan a zama ɗaya. Cikin awa guda bayan tseren ƙarshe ka ci wani abu mai sitaci da madara ko nama, ko da ba ka jin yunwa, kuma ba za ka ji ba. Kada ka gwada sabon abinci a makon gasa.

Fili mai rufi yana da zafi da bushewa, da gangan ake ɗumama shi don keke ya fi gudu. Hau sikeli kafin zama da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya tafi, mayar da lita ɗaya da rabi a hankali kafin ka kwanta.

Maganar magani: tiramadol haramun ne a gasar keke tun 2019 a dokar UCI, kuma hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta sa shi a jerinta daga 2024. Wasu magungunan mura na kanti ma suna ɗauke da sinadarin da aka ƙayyade. Kada ka haɗiyi komai, har jiƙo da haɗin gargajiya, sai likitan tawaga ya gani. Abin da aka samu a fitsarinka kai ne mai amsa shi, ba wanda ya ba ka ba.

Cire wandon tsere da zarar ka gama, yi wanka, shanya jiki. Ƙurjin sirdi ƙarami ne ranar Laraba, ranar Juma'a ya hana ka zama. In ka goge a katako, wanke ciwon da ruwa da sabulu a ranar, a cire sartse, a rufe da bandejin da ba ya mannewa. In kai ya bugu, ko hular kwano ta tsage, likita ne mai cewa ka ci gaba ko ka tsaya, kuma hular ta gama aiki.

Barci bayan tseren dare yana da wuya, jiki na rawa, kunne na ƙara. Daina shan kofi da shayi mai kauri tun la'asar in tserenka na ƙarshe ba shi ne babba ba. Ajiye waya. In an kwanta ƙarfe biyu, a tashi a yi Asuba a koma, kuma a nemi rabin awa bayan Azahar.

Rana ta uku da ta huɗu, da ta ƙarshe

A nan kowa ke jin ƙafa ta yi nauyi, har wanda ke kan gaba. Auna bugun zuciyarka kowace safiya kafin ka tashi daga gado. In ya haura abin da ka saba sosai kwana biyu a jere, ga rashin barci ga rashin son abinci, janye daga tsere ɗaya na rukuni na uku. Faɗa wa alƙalai a kan lokaci, don rashin fitowa ba sanarwa na iya jawo hukunci. Tsawaita motsa jini da minti biyar, ka fara shi a hankali fiye da jiya. Sau da yawa ƙafar da ta ƙi a kan rola takan buɗe bayan zagaye goma na tsere. Kowane dare rubuta layi uku a littafi: giyar da ka sa, abin da ya yi, wanda ya kamata ka bi tayarsa gobe. Zuwa yanzu ka san mai fizga da wuri, da mai buɗe ƙofa a kwana, da wanda ya fara sunkuyar da kai.

Daren jajibirin ranar ƙarshe, zauna da kocinka ko abokin madisin ku yi lissafi da alƙalami: maki nawa ke tsakaninku da na gaba, nawa da na baya, gudu nawa ya rage, wa za ku tsare. In tazarar ta fi abin da gudun maki zai rufe, to sai neman zagaye, ku yanke tun yanzu a wane zagaye za ku tashi. Da safe duba notin ƙafa, zoben giya, gam ɗin taya da ƙusoshin takalmi, don kwana biyar na girgiza na kwance abin da aka ɗaure. Sannan ɗauko farantin nan mai ƙarin haƙori da ka ajiye tun ranar farko, ka ɗaura shi.